Rantsuwar da Ta Rage a Bakin Baba

Assalamu alaikum Anti,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Ni malamar sakandare ce, kullum ina ce wa ɗalibaina su taƙaita, amma yau da abin ya zo kaina na rasa wanda zan yanke. Na daɗe ina karanta filinki, har nakan yi wa wasu masu rubuto miki dariya a raina, in ce wannan ai ba matsala ba ce. To yau ga ni a layi, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Mahaifina tsohon hedimastan firamare ne. Ya fi shekara talatin yana aikin, har sunan ya bi shi. A unguwa Hedimasta ake ce masa, Mama ma in ta so tsokanarsa haka take kiransa. Dogo ne, mai murya. Duk makarantun da ya riƙe babu wadda ta taɓa buƙatar lasifika, don in ya tsaya gindin sandar tuta da safe ya buɗe baki, yaron da ya makara yana can bakin titi zai ji, ya san yau ya shiga uku. Shi da kansa yake jan rantsuwar tuta, wadda yara ke dafa ƙirji su yi wa tuta da ƙasa alkawarin biyayya. Bai taɓa bar wa mataimakinsa ba, ko da mura ta shaƙe shi.

Ni kuma, Anti, ni ce 'yarsa da ba ta yin rantsuwar nan. Tun ina ajin ƙarshe na sakandare na daina. Kada ki ɗauka na tsani ƙasata. A nan aka haife ni, a nan nake koyarwa, ban taɓa neman hanyar fita ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne a tara yaran da ko ma'anar kalmomin ba su sani ba, a sa su ɗauki alkawari saboda tsoron bulala. Alkawari kaya ne, wanda bai san nauyinsa ba bai kamata a ɗora masa ba. Sannan na lura manyan da suka fi kowa iya dafa ƙirji a gaban tuta, su ne hannunsu ya fi saurin kaiwa aljihun jama'a. A makarantar da nake, in ruwan sama ya sauko sai mun ja bencuna zuwa kusurwa ɗaya saboda yoyo, amma duk ranar da masu duba makarantu za su zo sai ka ga sabuwar tuta a sama, da sauran alamar ninki a jikinta.

Wannan magana ita ce abincinmu ni da Baba. Shi ya sa min suna Lauya. Duk ƙarshen mako nakan je gida, mu zauna a baranda bayan la'asar, shi a kujerarsa da kofin shayi, ni a tabarma, mu buɗe kotu. Ya ce yaro yakan koyi gaisuwa tun kafin ya san mene ne ladabi, kuma abin da baki ya saba faɗa wata rana zai gangara zuciya. Ni kuma in tambaye shi yaushe ƙasar za ta tsaya a layi ita ma ta dafa ƙirji ta yi wa yaron nata alkawarin. Ya buga kofi a tebur, Mama ta ɗaga murya daga ɗakin girki ta ce duk ranar da kofin nan ya fashe, da mu da ƙasar za mu haɗu mu biya ta. Har yanke labarai yake yi daga jarida ya ajiye min don ya ƙure ni. In na yi fashin mako ɗaya sai ya bugo waya ya tambaya ko Lauya ta gudu daga kotu ne. Bai taɓa kayar da ni ba, ban taɓa kayar da shi ba.

Bari in ba ki misali ɗaya don ki san irin mutumin. Bara shugaban makarantarmu ya ba ni takardar tuhuma, saboda a taron safe na tsaya na harɗe hannuwana lokacin da ake rantsuwar. Na kai wa Baba takardar da amsar da na rubuta. Ya yi min tatas, ya ce da shi ne shugaban da biyu zai ba ni. Da ya gama faɗan sai ya sa tabarau, ya ɗauko jan biro, ya zauna ya gyara min amsar tsaf, ya ce hujjata ta biyu ba ta da ƙafa, in ƙarfafa ta. Wai ba zai yarda 'yarsa ta yi taurin kai da rubutu mara kyau ba.

Watannin baya, wata safiya yana goge takalminsa, ya zame daga kujera. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama, ya kuma tafi da maganarsa. Hankalinsa na nan garau. Yana jin komai, yana gane kowa, in an faɗi shirme a gabansa za ka gani a girarsa. Amma in ya buɗe baki babu abin da ke fita sai wani ɗan sauti kamar na mai son yin tari. Mutumin da yake gyara wa masu karanta labarai a rediyo kuskure, yau in yana son ruwa sai ya yi nuni, Mama ta kawo masa hula, ya girgiza kai, ta kawo magani, daga nan ya rufe ido ya haƙura. Anti, na ga ciwo iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya karya min zuciya kamar wannan rufe idon ba. Na roƙi maigidana ya bar ni in koma gida na ɗan lokaci in taya Mama jinya, ya amince, Allah ya saka masa. A wurin aiki ma na nemi izini aka ba ni.

Tagar ɗakin Baba tana kallon katangar wata 'yar makarantar firamare. Kullum a rufe take saboda hayaniyar yara. Wata rana na zaunar da shi a keken marasa lafiya zan canza zanin gado, sai na buɗe tagar don iska ta shiga. Daidai lokacin yaran suka gama taken ƙasa suka kama rantsuwar tuta. Ina cikin cusa zani a ƙarƙashin katifa na ji muryar namiji a bayana, cikakkiya, har cikin ƙashina. Na juya. Baba ne, ya miƙe wuya, ya ɗora hannun hagu a ƙirji tunda na daman ya ƙi tashi, yana jan rantsuwar daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Mama ta shigo a guje da kumfar sabulu a hannu, ɗankwalinta a kafaɗa. Yaran na yin shiru muryar ta ɗauke. Na durƙusa na riƙe gwiwarsa ina roƙonsa ya kira sunana, ya yi ta motsa baki, babu komai. Ranar mu ukun duka mun yi kuka.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke koya wa irin su Baba magana, mu dai likitar magana muke ce mata. Da na gaya mata ba ta yi mamaki ba. Ta ce abin da baki ya maimaita sau dubbai yakan yi tasa hanyar daban, ciwon ya toshe babbar hanya ya bar wannan. Ta ce mu riƙe ta da kyau, don da ita za a jawo sauran: a riƙa yin rantsuwar tare da shi, a tsaya kafin kalmar ƙarshe ya cike da kansa, kuma da zarar an gama, tun bakin na da ɗumi, a nuna masa abu a nemi sunansa. Ta ja kunnenmu kada mu yi wasa da watannin farko, su ne suka fi albarka. Muka bi. Kullum da safe in buɗe taga, yara su ja, Baba ya bi su, ni kuma ina gefe bakina a rufe. Kuma wallahi an ga haske. Rana ɗaya na ɗaga kofi ya ce ruwa. Wata rana ya kamo rabin sunan da yake kiran Mama da shi, ta wuni tana murmushi kamar amarya.

Sai aka ba da dogon hutu. Makarantar ta rufe, tagar ta yi tsit.

Mun gwada kunna masa a waya. Ya saurara kaɗan, ya sa hannunsa mai lafiya ya ture wayar, ya juya fuska bango. Likitar ta ce wasu sai sun ga mutum a tsaye gabansu, suna kallon bakinsa. Mama ta ce ita za ta yi. Ita kuwa ba ta yi boko ba, rantsuwar kuma da harshen makaranta take, sautin kawai ta hardace daga jin yara. Ta tsaya ta dafa ƙirji ta kwaɓa ta yadda ta iya. Baba ya yamutsa fuska kamar ya taka ƙaya, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ta zauna ta ce shekara arba'in da aure ba a taɓa yi mata jarrabawa ba sai yau, kuma ta faɗi. Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Saura Yayanmu, babban ɗan Baba. Kada in zalunce shi, Anti. Kullum kafin ya tafi shagonsa sai ya zo ya ciccibi Baba ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya yanke masa farce. Babu wanda ya kai shi wahala a jinyar nan. Amma ya ce shi bakinsa ba zai yi rantsuwa ga ƙyalle ba, kuma ba ya so a yi ta a ɗakin. Abin da yake tsoro, ya faɗa min da hawaye, shi ne ajali ya zo ya tarar da wannan ce a harshen Baba maimakon kalmar shahada. Yakan zauna kusa da shi yana karanta masa addu'o'i, leɓɓan Baba su riƙa motsi suna bi, amma babu sauti ko kaɗan. Wannan yana cin Yaya ƙwarai: ga addu'a shiru, ga rantsuwar tuta har maƙwabta na ji. Har ya ce in an koma makaranta a bar tagar a rufe. Abin dariya abin haushi, ni da Yaya tun muna yara ba mu taɓa yarda a kan komai ba, yau kuma yana ce wa Mama ai ko Lauya tana bayansa. Alhali dalilina daban, nasa daban.

To kin ga saura ni. Na iya ta tsaf, a gidan Hedimasta na tashi. Kullum da safe Baba zai kalli tagar, sannan ya kalle ni, ya ɗora hannun hagu a ƙirji ya jira. Ni kuma sai in kama ninke kayan da na riga na ninke. Sau ɗaya na tsaya gabansa na ɗaga hannu, bakina ya ƙi buɗewa, na fice ina cewa na bar ruwa a wuta.

Na san za ki ce taurin kai ne, kuma akwai shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina tunanin da wane ido zan kalli abokan aikina da ɗalibaina, waɗanda suka san matsayina, in a gida ina dafa ƙirji a makaranta ina harɗe hannu. Wannan ba munafunci ba ne? Amma babban abin da ke tsorata ni ba shi ba ne. Baba ya san ni kamar yunwar cikinsa. Ranar da ya gan ni tsaye ina rantsuwar nan, ɗayan biyu zai ɗauka: ko ina yi masa ƙarya, ko na fid da rai da shi ne, na bar masa gardamar yadda ake bar wa yaro ya ci wasa. Duk masu zuwa dubiya suna yi masa magana da ƙarfi, suna lallaɓa shi kamar ɗan goye, ina ganin yadda abin ke ƙona shi. Ni kaɗai na rage da nake kallonsa a matsayin Hedimasta. In ni ma na sallama, ina tsoron ya gane cewa ya gama.

Amma ga shi yana ƙara nutsewa a gabana. Kalmar ruwan nan ba ta sake dawowa ba. Yanzu ko ƙoƙarin motsa bakin ya rage yi, hutun kuma da saura. Gaba kura, baya sayaki. In yi rantsuwar da ban yarda da ita ba, in ɓata da Yaya, in kuma yi kasadar karya wa Baba zuciya? Ko in riƙe gaskiyata in zuba ido muryarsa ta tafi? Ki gaya min ko da mai ɗaci ce, zan iya haɗiyewa.

Taki,
Lauyar Hedimasta

Wa alaikumus salam, Lauya.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya ba ku ladan jinya. Kada ki ba da haƙurin tsawo, sau biyu na karanta, na biyun ma sai da na cire tabarau na goge.

Gardamar da ke tsakaninki da Baba ba ni zan yanke ta ba, don kowannenku ya riƙe wani yanki na gaskiya. Kin yi daidai da kika ce alkawarin da aka karɓa da bulala ba shi da daraja, kuma bai kamata a tilasta wa kowa faɗin abin da zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Ƙasar da take son a yi mata biyayya ita ma akwai nata nauyin. Shi ma Baba bai yi kuskure ba da ya ce abin da mutane suka saba faɗa tare yakan ɗaure su wuri guda, yaran da gidajensu suka bambanta su ji na ɗan lokaci cewa abu ɗaya ya haɗa su. Mutanen kirki suna nan a ɓangarorin biyu. Wannan shari'a ce mai tsawo, kuma za ta jira.

Amma ba ita ce a ɗakin nan ba, ƙanwata. A ɗakin nan babu tuta, babu mai duba makarantu, babu bulala, babu yaron da ake tilastawa. Akwai dattijo mara lafiya, da maganin da likita ta rubuta, sai aka yi rashin sa'a ke kaɗai ce za ki iya ba shi, kuma a bakinki yake da ɗaci. Munafunci shi ne ka nuna abin da ba ya zuciyarka don ka samu wani abu a wurin mutane, kana ɓoye na cikin. Ke ba abin da za ki samu, kuma shawarata ita ce kada ki ɓoye komai.

Tsoron da kike ji, na kada Baba ya ɗauka kin sallama shi, tsoro ne mai tushe, kuma ya nuna kin fi kowa saninsa. Maganinsa shi ne kada ki yi abin a shiru. Kin ce yana jin komai, to yi masa magana kafin ki ɗaga hannu. Ki tsaya gabansa da fuskar da kike zuwa baranda da ita, ba fuskar 'yan dubiya ba. Ki gaya masa ko taku ɗaya ba ki ja da baya ba, har gobe kina ganin bai kamata a tilasta wa yara ba, kuma shari'arku ɗage ta aka yi, ba a kore ta ba. Ki ce za ki yi rantsuwar ne don kina son bakinsa ya dawo, saboda kin gaji da yin gardama da wanda ba ya ramawa. Mutumin da ya ɗauki jan biro ya ƙarfafa miki hujjar da shi kansa bai yarda da ita ba, ya san bambancin mai lallashinsa da mai neman abokin karawarta ya tashi. Ba zai ji kin raina shi ba.

Kuma kada ki tsaya nan. Ki riƙa karanta masa jarida, ki faɗi ra'ayinki yadda kika saba, ki bar girar nan ta yi aiki. Ki dai tambayi likita iyakar abin da jininsa zai ɗauka, kada garin neman gira a rasa ido.

Yanzu mai ɗacin da kika ce za ki haɗiye. Batun idon abokan aiki da ɗalibai, wannan ba gaskiya kike karewa ba, sunanki kike karewa. Kin daɗe ana saninki da malamar da ba ta rantsuwa, har abin ya zama miki riga, kina jin kunyar a gan ki ba ita. Ki ajiye wannan. Matsayinki a makaranta naki ne, in an koma kika ga har yanzu a nan kike, ki ci gaba da shi cikin ladabi. In wani ya ji ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya, kina yi da mahaifinki ne don ya koyi magana. Duk ɗalibin da ya ji haka ya raina ki, da ma bai fahimci abin da kike koya masa ba. In kuma kika wayi gari kin ɗan sassauto, ko kika ƙara tauri, duka ba abin kunya ba ne.

Sai Yaya. Kada ki yi masa ta bayan fage, kuma kada ki kalli tsoronsa a matsayin jahilci. Mutumin da yake ciccibar mahaifinsa kullum yana da haƙƙin a saurare shi, kuma abin da yake tsoro babu ɗan da ba ya tsoronsa. Ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Ku je tare wurin malamin da ku biyun kuka yarda da shi, ku kai masa kalmomin a rubuce ya ga abin da suka ƙunsa, ku kuma gaya masa bayanin likita, kada ku rage komai.

Amma akwai abin da na gani a wasiƙarki da nake so ki kai wa Yaya, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Baba ya yi shekara talatin yana ƙwala rantsuwar nan a fili don yaron bakin titi ya ji. Addu'arsa kuwa, kamar ta yawancin dattawanmu, ƙasa-ƙasa yake yin ta, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ciwon ya dawo masa da kowacce yadda ya ajiye ta ne, mai ƙara da ƙararta, mai shiru da shirunta. Ƙarfin sauti ba shi ne awon abin da ya fi zama a zuciyarsa ba. Leɓɓan nan da suke motsi, wanda ake yi dominsa yana ji sarai.

Sannan ki nuna wa Yaya cewa ƙofa ɗaya ce. In rantsuwar ta buɗe bakin Baba har kalmar ruwa ta fito, ta nan kalmar da Yaya yake marmarin ji za ta biyo. Wanda ya rufe taga ya rufe duka. Ku tambayi likitar maganar ko za a yi wa addu'o'in irin dabarar nan, Yaya ya riƙa karantawa a bayyane, a hankali, ya tsaya kafin kalmar ƙarshe ya bar wa Baba. Ke ki ɗauki safiya, shi ya ɗauki yamma. Mama ma kada a bar ta da faɗuwa jarrabawa. Ta fi ku sanin abin da ya saba faɗa a gida, gaisuwar safe, sunayen jikoki, irin faɗan da yake yi in an taɓa masa rediyo, duk a gwada.

Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da iko a kai ba. Mai yiwuwa maganar ta dawo da yawa, mai yiwuwa 'yan kalmomi ne kawai, mai yiwuwa rantsuwar ce iyakar abin da za ku samu. Lafiya ta Allah ce. Abin da na sani shi ne ra'ayinki zai iya jiranki shekara goma bai lalace ba, watannin da likita ta ce kuwa suna tafiya, da na sani kuma ƙeya ce.

Bari in rufe da nawa. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Fuskarsa na nan a idona, tafiyarsa ma, har yadda yake karkata hula. Amma muryarsa ta ɓace min. Nakan zauna in neme ta a kaina in rasa, ban kuma san ranar da ta tafi ba. Da za a ce min yau in tsaya in faɗi duk wata magana da na fi ƙi a duniya, shi kuma ya amsa min da muryarsa ko sau ɗaya, da ko takalmi ba zan tsaya sawa ba. Ke taki damar tana ɗaki na gaba, ta ɗora hannu a ƙirji tana jiranki. Gobe da safe ki tsaya gabansa, ki gaya masa gaskiya, sannan ki fara.

Allah ya kwance harshen Hedimasta, ya haɗa kanku ke da Yaya, ya ba Mama ƙarfin zuciya. Ki gaishe min da Baba, ki ce masa wata tsohuwar ɗaliba da ba ta taɓa zama ajinsa ba tana yi masa addu'a.

Antinki